Masu Garkuwa a Fangalin Baba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci tuwo shi kaɗai ba. Da an idar da sallar magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurenmu, a fito da kwano, sai ka ji gyaran muryar maƙwabcinmu daga bayan danga. Baffa muke ce masa, ko da yake ba jini ne ya haɗa su da Baba ba, makarantar allo ɗaya suka yi. Bayan matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata kuma duk suna gidajen mazajensu, sai tuwon gidanmu ya zama shi ne abincinsa na kirki a wuni. Ba wanda ya taɓa faɗar haka a fili. Yakan zo da goro ko 'yan albasa a aljihu ya ajiye gefen tabarma, shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa.

Abin da marigayiyar ta bar masa agwagi ne, garke guda. A wajenmu namiji da kiwon agwagwa abin dariya ne, kuma an yi masa dariyar har an gaji, shi ko a jikinsa. Da sassafe zai buɗe musu akurki, ya watsa dusa, ya tsaya yana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ita take yi.

Rigimar ta faru ne a shekarun alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai, shekarar da na gama kwalejin horon malamai a birni aka ba ni aji a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin ruwan kanal, wato magudanar noman rani, ya riga ya canja mana rayuwa. Da rani alkama da tumatir, da bazara ta yi nisa kuma a saki ruwa a yafa shinkafa tun kafin damina ta zauna. Baba malami ne mai ɗalibai, amma gona ce ke ci da gidan, kuma shekarar ya ci buri a kan fangalinsa na shinkafa da ke bayan gari. Har jakuna ya ɗauka aka yi ta jido masa baƙar ƙasa daga wani tsohon kududdufi da ya ƙafe, aka baza, kamar yadda iyayensa suke yi idan gona ta gaji.

Aka saki ruwa, aka yafa irin da aka jiƙa. Ya fara tsiro gwanin sha'awa. Ba a jima ba ruwan fangalin ya rine ya zama kamar kunun kanwa, tsiron kuma ya taso yana yawo a kai, iska na tara shi a kusurwa. Fangalan maƙwabta kuwa garau, har kana hango ƙasa. Namu kaɗai ne ya lalace, kuma a namu kaɗai agwagin Baffa suke wuni, kai a ruwa, wutsiya a sama.

Baba ya yi haƙuri karon farko. Ya yi abin da kowane manomi a wajenmu yake yi idan shuka ta ƙi: ya fasa kunya ruwan ya fita, ya bar rana ta gasa ƙasar har ta tsattsage, don duk wani mugun abu da ke ciki ya mutu. Ya sake sakin ruwa, ya sake yafi. Baffa ya tsare agwaginsa na 'yan kwanaki, amma agwagwa ba ta san iyaka ba, wata safiya suka sulale ta ƙarƙashin danga. Da Baba ya isa gona ya tarar da su a ciki, ruwa ya sake rinewa, tsiro na yawo.

Ina wurin da yamma da abin ya fashe. An ajiye kwano ke nan, Baffa ya wanke hannu, sai Baba ya ce, "Sau biyu ke nan."

"Malam, wallahi na tsare su. Danga ce ta ruɓe."

"Irin da na ɓoye tun bara, sau biyu. Kai kana tattalin tsuntsaye, ni ina tattalin bakin mutane."

Baffa ya yi dariya don ya kashe maganar, dariyar kuwa ita ta ɓata komai. Baba ya janye hannunsa ya ce, "Wallahi tallahi, muddin akwai agwagwa ko guda ɗaya a gidanka, ba na ƙara sa hannu a kwano ɗaya da kai."

Wanda bai san Baba ba zai ce zafin rai ne, gobe ya huce. Mu da muka san shi mun san ba haka ba ne. Mutum ne da yake yi wa ɗalibai wa'azi a kan rantsuwa, yana alfahari da cewa tun da ya balaga bai taɓa rantsewa ya karya ba. Baffa ma ya sani. Ya tashi ya saka takalmansa, ya ce a gaida gida, ya tafi da hannunsa a jiƙe.

Daga ranar ni nake kai masa tuwo gida, domin Inna ta ce rantsuwar ba ta shafi tukunyarta ba. Nakan same shi zaune a kan turmin da aka kife, ya ci loma kaɗan ya rufe. Ranar kasuwar Kura na ga ya ɗaure agwagi biyu a bayan keke. Na tare shi na ce, "Baffa, ina za ka da su?"

"Ticha, ai tsuntsu ba ya yi mini hira."

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni dai an san ni da kafiya tun ina ƙarami, Inna takan ce da an haife ni da ƙaho da tuni na rushe gidan. Kuma akwai abin da bai kwanta mini ba. Agwagwa idan ta ci tsiro haɗiye shi take yi. Wannan kuwa ga shi nan birjik a kan ruwa, ba a ci ba, saiwar ce kawai a gutsure. Da aka tashi daga makaranta na naɗe wando na shiga fangalin da rariyar Inna, na yi ta kamfatar laka.

Da farko na ɗauka talibambam ne, kamar yadda kowa zai ɗauka idan ya hango su cikin ruwa mai dauɗa. Da na ɗauraye ɗaya a tafin hannu sai na ga ba shi ba ne. Bai kai ɗan yatsana tsawo ba. A bayansa akwai wata garkuwa mai faɗi, zagayayya ta gaba, da tsaga ta baya. Idanu biyu a manne da juna a saman garkuwar. Da na kifa shi sai ga ƙafafu ba adadi, jajaye, suna kaɗawa ba tsayawa. Na taɓa ganin mai wannan siffa, amma ba a ƙauyenmu ba, kuma ba ƙarami haka ba.

A kwaleji muna da wani malamin ilimin halittu, Ba'indiye, dattijo mai yawan tari. A saman kabad ɗin ɗakin gwaji yana da wani busasshen abu da ya taho da shi daga bakin tekun ƙasarsu, faɗinsa ya kai faifai, da doguwar wutsiya mai tsini kamar tsinken nama. Ya ce sunansa da Turanci yana nufin ƙaguwa mai siffar kofaton doki, mu kuwa muka yanke muka ce ƙaguwar kofato. Ranar da ya sauko da ita ya manta da darasin da ya zo yi. Ya ce ba ma ƙaguwa ba ce, danginta su ne kunama da gizo-gizo. Ya ce jininta shuɗi ne saboda tagulla ce a cikinsa maimakon ƙarfen da ke cikin namu, kuma masu haɗa magunguna suna amfani da jinin don gane ko allura ta gurɓata. Wutsiyar da muke tsoro ba ta harbi, sanda ce da take dogarawa ta birkice idan igiyar ruwa ta kifar da ita. Ya ce yana yaro yakan ga sun fito gaɓa idan wata ya cika ruwa ya yi toroƙo, mace babba a gaba, namiji ƙarami maƙale a bayanta, ta tona yashi ta zuba ƙwai. Ya ce akwai irinta a duniya tun kafin a yi tsuntsu ko itace mai fure, kuma siffarta ba ta canja sosai ba. Wani ɗalibi ya tambaya ko ana ci, ajin ya fashe da dariya, malamin ya ji haushi ya mayar da ita saman kabad.

To ga ni tsaye a laka har gwiwa, riƙe da abin da na tabbata jaririnta ne. Yadda aka yi ɗan teku ya zo fangalin Baba, ƙasar da ko kogin kirki sai an yi tafiya, ban tsaya tunani ba. Na cika gwangwanin madara da su na yi gida.

Na zuba su a daron wankin Inna da laka kaɗan, na watsa shinkafa mai tsiro, na zauna kallo. Ba su ɓata mini lokaci ba. Suna bin ƙasa suna turbuɗa gaban garkuwar cikin laka kamar garma, ruwa na rinewa, duk tsiron da suka ci karo da shi su gutsure saiwarsa ya taso. Wasu su juya su yi iyo a rigingine a saman ruwa. Washegari na tarar da wasu fararen riguna suna yawo, na ɗauka mutuwa suka yi, ashe saɓa suke yi kamar maciji, suna ƙara girma. Inna ta leƙo ta ce, "Yau kuma masu garkuwa ka kawo mana? Allah ya shirye ka, daron nan dai da shi nake wanki." Sunan da ya bi su ke nan a gidanmu.

Na kira Baba da murna. Ya tsaya daga nesa, carbi a hannu, ya dubi daron kamar an nuna masa kashin kaji.

"Ƙwarin ruwa ne. Ina ne babu ƙwarin ruwa?"

"Baba, su suke yanke saiwar. Duba ka gani."

"Ruwan kanal ɗaya muke sha da maƙwabta. In ta ruwa suka zo, me ya sa nasu lafiya lau? Kuma na busar da ƙasar nan har ta tsage, wane ƙwaro ne zai rayu? Ba ni amsa, malamin boko."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ta ƙona ni fiye da zagi. Na bi fangalan maƙwabta da rariya, ban samu ko ɗaya ba. Na ɗebo jiƙaƙƙiyar laka daga namu, na tace ta tsaf, na zuba a wani kwano da ruwan rijiya don in ga ko wani abu zai fito daga cikinta. Na yi ta jira. Ban da sauro ba abin da ya ƙyanƙyashe. A tsakanin nan kasuwa ta sake ci, ta kuma sake ci, duk ranar kasuwa keken Baffa na fita da agwagi. Garken da yake cika tsakar gida ya koma 'yan tsiraru, daga baya sai wata tsohuwa guda mai ɗingishi, wadda ya ce ita matarsa ta fi so. Ita ma kwanci take yi a kan ƙwai shi ya sa ya bar ta.

"Ba a ɗaga uwa daga kan ƙwai," in ji shi. "Ta ƙyanƙyashe in kai ta Madobi gidan 'yata, ita da 'ya'yan. Sai Malam ya huta."

Wani zai ce to ai shi ke nan, agwagwa ta tafi, rantsuwa ta cika, tuwo ya dawo. Ni na san ba haka ba ne. Idan Baffa ya rabu da ita a kan laifin da ba ta yi ba, zai dawo tabarmar, amma ba zai ƙara zama a kanta kamar da ba. Baba kuma zai mutu yana ganin shi ne mai gaskiya. Ga irin da ya rage a rumbu na yafi ɗaya ne tak, idan aka sake zuba shi a bakin masu garkuwa ba mu da shinkafa shekarar. Amma ko irin bai dame ni kamar tsofaffin nan biyu ba.

Ranar Asabar na zuba masu garkuwa guda uku a kwalba na huda murfin, na tari mota a bakin titi zuwa birni. Kwandasta ya so ya karɓi kuɗin kaya a kan kwalbar, wata tsohuwa kuma ta matsa daga kusa da ni tana ta addu'a. Na sami malamin a gidansa na cikin kwaleji yana ba wa shukokinsa ruwa. Na miƙa masa kwalbar da ƙafafa, na ce na samo 'ya'yan ƙaguwar kofato a gonar babana.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ja ni ɗakin gwaji, ya sauko da busasshiyar, ya ajiye nawa a faranti kusa da ita, ya ba ni gilashin ƙara girma. Da 'yar Hausarsa mai karkata ya ce, "Ƙirga wutsiya." Tata ɗaya ce, ƙaƙƙarfa. Nawa biyu ne, sirara kamar zare. Ya ce in duba tsakanin idanun, sai na ga wani ɗigo, ido na uku. Ya kifa babbar ya nuna mini ƙafafunta 'yan kaɗan masu almakashi, da wasu faifai-faifai a jere kamar shafukan littafi, ya ce da su take numfashi. Nawa kuwa da ƙafafun nan masu yawa yake iyo, da su yake numfashi, da su yake tura abinci baki, kuma jan da na gani a jikinsu jini ne irin namu, ba shuɗi ba. Ya ce ƙaguwar kofato ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, kuma ko a tekun ƙasarmu babu ita. Nawa dangin jatan lande ne. Kamar dai mutum biyu ne da ba su san juna ba suka ɗinka riga iri ɗaya, domin dukkansu aikinsu tonon laka ne. Ita takan yi shekaru tana saɓa kafin ta isa haihuwa, shi kuwa cikin 'yan makonni ya girma, ya yi ƙwai, ya mutu.

Na ji kunya, amma ba kunya ce ta kawo ni ba. Na ba shi labarin fangali, da tambayar Baba, da lakar da ta ƙi fitar da komai.

"Ka busar da ita?" ya tambaya.

"A'a. Ai in ta bushe sun mutu."

"Iyaye sun mutu. Ƙwai bai mutu ba. Ƙwai yana jira."

Ya bayyana mini cewa wannan halitta ta kududdufin da ke ƙafewa ce. Ƙwanta ƙanana ne kamar ƙwayar yashi, suna iya zama a busasshiyar ƙasa shekara da shekaru, rana ba ta kashe su. Yawancinsu ma ba sa ƙyanƙyashewa sai sun bushe tukuna ruwa ya sake taɓa su, kuma ba duka suke fitowa lokaci guda ba, wasu sukan tsaya sai wani ruwan. Yana magana ina ganin jakunan Baba a raina suna shigowa da mangala cike da baƙar ƙasa. Na ga Baba yana fasa kunya yana shanya fangali. Duk abin da ya yi don ya kashe su, shi ne ya tashe su. Agwagin kuma ba shinkafa ce take kai su can ba, kiwo suka samu.

Kafin in tafi ya ce in gaya wa babana ya bar yafi a wannan fangalin. Ya raini irin a wani wuri, in ya yi ƙarfi ya dasa, domin ba sa iya tumɓuke shukar da ta kafu, sai ma su cinye masa ƙananan ciyayi. Ya roƙi in bar masa kwalbar, na bar masa.

A gida akwai ragowar ƙasar kududdufin a ƙarƙashin rumfar jaki, tudu guda da Baba ya ajiye don barkonon Inna. Ba ta taɓa zuwa gona ba, ruwa bai taɓa ta ba. Wannan karon na ƙi taɓa komai da hannuna, don kada a ce ni na zuba. Bayan sallar asuba na durƙusa gaban Baba.

"Baba, alfarma ɗaya nake nema. In ba ta yi ba, ba zan ƙara ɗaga maganar nan ba."

"Ina jin ka."

"Ka ɗebi ƙasar rumfa da hannunka, ka zuba a daro, ka ja ruwa a rijiya da kanka. A ajiye a turakarka, ka riƙe makulli."

Ina jin ya yarda ne don ya rufe mini baki. Ya yi duk yadda na ce, yana yi yana tsaki, ya ƙara da watsa tafin iri guda daga ɗan abin da ya rage, ya ce in an tashi lissafin asara da wannan a kaina.

Kwanakin da suka biyo baya ban san abin da na koyar a aji ba. Ba ni da izinin shiga turaka, Baba kuma ba ya cewa uffan. Ina kallon fuskarsa a masallaci ba na karanta komai. Na fara tunanin ko ragowar ƙasar ba ta da ƙwai, ko ɗakin ya yi duhu, ko dattijon kwaleji ya yi kuskure. A ɓangaren Baffa kuma ƙwai sun fara fashewa, na ji tsiyo-tsiyo da na kai tuwo, na kuma ga ya ɗauko kwando ya shimfiɗa masa ciyawa. Ya ce jibi zai kama hanyar Madobi. Na roƙe shi ya ƙara jinkiri, ya ce ya gaji da cin tuwo da bango.

Inna ce ta tsegunta mini. Ta ce Malam ya fitar da daron bakin taga tun shekaranjiya, kuma ɗalibai sun zo karatun hantsi ya sallame su. Na je na yi sallama a ƙofar turaka. Yana tsugune, gilashin karatunsa a hanci. Ruwan ya rine, tsiro na yawo a kai, ƙananan masu garkuwa kamar ƙwayar gero da ta dawa suna ta kai da kawo.

Bai ɗago ba ya ce, "Daga ƙasar suka fito."

"E, Baba."

"Ƙasar da na biya jakuna suka kawo."

Duk jawabin da na tanada, na ƙwai da rana da dashe, na ajiye shi gefe. Na zo ne in ci nasara, amma da na ga ƙeyarsa da furfura sai tausayinsa ya kama ni, har na so a ce ni ne ban yi daidai ba.

"Su agwagin fa?" ya tambaya.

"Waɗannan suke ci."

"Wato taya ni suke yi."

"Haka ne."

Ya cire gilashin ya goge da bakin riga, ya ce in tashi in ba shi wuri. Na fita ban san inda aka kwana ba. Na san hanya mai sauƙi a buɗe take gabansa. In ya yi shiru zuwa jibi, agwagwa ta tafi Madobi, rantsuwarsa ta cika ba tare da ya karya ba, mutuncinsa na malami yana nan yadda yake. Ba wanda zai zarge shi, domin ban da ni da Inna ba wanda ya san abin da ke cikin daron.

Da aka idar da magariba na zo ɗaukar kwanon Baffa kamar kullum, sai Baba ya ce, "Ajiye. Kawo babban." Ya ɗauki kwanon tuwon da kansa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce in biyo shi da miya da buta. Muka zagaya danga. Baffa na kan turminsa, kwandon tafiya a gefe. Ya miƙe da sauri har hularsa ta faɗi.

"Malam, ai ba ta tafi ba tukuna. Tana nan. Sai jibi."

"Na sani."

"To rantsuwar fa?"

"Shimfiɗa mana tabarma, tuwo na hucewa."

Tsohuwar agwagwar ta fito daga bayan randa tana ɗingishi, 'ya'yanta rawaya-rawaya a bayanta, ta ratsa ta gabansu. Baba ya bi ta da kallo har ta wuce, don kada wani ya ce bai gan ta ba. Sannan ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya yanki loma. Baffa ya kasa sa nasa hannun. Baba ya ce, "Ni na zalunce ka, na zalunci marigayiya. Waɗanda ka sayar ba ni da bakin da zan ce ka yafe. Ci abinci." Baffa ya sa hannu yana share ido da hannun riga, ni kuwa na ajiye buta na koma gida.

Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce, wanda ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Bayan asarar iri sau biyu, a bakin damina, rumbunmu ba shi da abin ciyar da goma. Washegari ɗalibai suka taru karatun safe, Inna ta aiko da kokon Baba, ya mayar. Wani babban ɗalibi ya ce, "Malam, yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba." Da Baba ya ga dama da sai ya ce nafila ce, ba mai ƙara tambaya. Sai ya rufe littafin da ke gabansa ya dube su duka.

"Kaffara nake yi," ya ce. "Na rantse a kan abin da ban bincika ba, kuma jiya na karya. Ku buɗe inda muka tsaya."